Hular da Na Ɓoye wa Alƙali

Ni dillalin riguna da huluna ne a wancan zamani, a kasuwar Gaya, kuma ba gadon sana'ar na yi ba. Da hula ɗaya na fara, ina yawo da ita a hannu, har na kafa rumfa tawa ta kaina. In aka miƙo mini riga, kafin mai ita ya buɗe baki na san garin da aka saƙa ta da hannun da ya yi mata aiki. Ba don yabon kai na faɗi wannan ba, sai don idon nan nawa shi ya kai ni ga abin da zan ba ku labari. Abu uku ne suka taɓa kasancewa a tafin hannuna: igiyar auren mace ɗaya, ran ƙanena ɗaya tilo, da zuciyar mahaifiyarmu. Duka ukun na ɗora su a kan hula guda na yi ciniki, na kuma ɗauka riba na ci.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, a Kademi. Ni ne ɗan fari, shi ne auta. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kunyar da uwa ke yi wa ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo sai ta kau da kai. A bakin Inna ni “wancan” ne, ko “mai kasuwa”. Auta kuwa sunansa ba ya barin bakinta, har da gemunsa tana tambayarsa ko ya ƙoshi. Na san al'ada ce, kowa ya sani, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba. Ƙanen nawa maɗinkin hula ne, bahago, don haka zarensa yakan kwanta ta wani ɓangare daban da na sauran maɗinka, kuma in ya gama yakan bar ɗan ƙulli na jan zare a cikin bakin hular. Ni nake sayar masa. Yakan tsokane ni cewa shi ke zubar da ido a kan allura, ni kuwa baki kawai nake zubarwa in ci rabin wahalarsa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ya bi ayarin masu tafiya Makka ta ƙasa, irin waɗanda ke bi ta Chadi da Sudan suna aiki suna ƙara gaba. Ya bar matarsa, 'yar Gafasa, da goyon 'ya mace. Shekarar farko saƙon gaisuwarsa ya iso. Daga nan shiru. Ni na ɗauki gidan gaba ɗaya, ci da sutura da noman gonarsa. Amma kullum sai Inna ta zuba tuwo a akushinsa ta rufe, in gari ya waye ta bayar sadaka. In na kawo mata nama daga Gaya, sai ta ɗaga hannu ta roƙi Allah ya sa auta ma ya samu mai ba shi. Ina tsaye a gabanta da ƙafafuna, amma wanda ba ya nan ya fi ni cika gidan.

Da aka shekara uku babu labari, mahaifin matar ƙanena ya zo daga Gafasa ya kai magana gaban alƙali a Gaya. A nan na fara ganin yadda ake shari'ar wanda ya ɓata. Alƙali ya ce da gawa aka tsinta, da aikin 'yan sanda da likita ne su gano musabbabin mutuwa, amma inda babu gawa babu kabari, ba mai ikon kiran mutum mamaci don kawai ya daɗe. Ya ce sai an fara nema. Ya sa magatakarda ya rubuta wasiƙu zuwa alƙalai da sarakunan zango na hanyar gabas, aka kuma riƙa kiran alhazan da suka dawo ana tambayarsu ɗaya ɗaya. Da neman ya ƙare ba a ji komai ba, ya tambaya ko ana ciyar da matar, domin da yunwa take sha da hukuncinta ya zo da sauri. Na miƙe da fahari na ce ni nake ciyar da ita. Sai ya ce to za ta jira shekara huɗu daga ranar, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta auri wanda take so. Gonarsa kuwa ba za a raba ba sai shekarunsa sun kai saba'in, ko a samu shaidun mutuwarsa. Ya rufe da cewa duk wanda ya ji labarin yana raye, wajibi ne ya kawo, domin labari ɗaya ingantacce ya isa ya rushe ƙidayar.

A shekara ta uku cikin huɗun nan, wata ranar kasuwa, wani tsohon alhaji daga wajen Ajingi ya zo rumfata da riga zai sayar. Ban ko dubi rigar ba. Hular kansa na gani, zarenta a kwance ta hagu. Na gane hannun ƙanena ne, amma dillali ba ya nuna abin da yake so. Na ce masa wannan hula ta samari ce, ta yi wa furfurarsa rashin kunya. Ya yi dariya ya ce ai ni ma bakina ya yi wa shekaruna yawa, ya cire ta ya miƙo mini. Na juya cikinta, ga jan ƙulli, zaren sabo fil. Ya ce bara ya same ta a wani garin mutanenmu a bakin kogi a Sudan, wurin wani bahago mai Hausar Kano, gurgu, wanda mota ta faɗi da su ta lalata masa ƙafa. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, mutumin kusan kyauta ya ba shi, sharaɗinsa ɗaya, in ya isa gida ya shiga kasuwar Gaya da ita a kansa. Na saye ta nan take, ban ce masa komai ba.

Allah ne shaidata, da niyyar kai wa Inna na hau keke a ranar. Na isa zaure sai na jiyo muryarta tana gaya wa wata maƙwabciya cewa gidan nan kango ne tun da auta ya tafi. A watan nan na gama rufa mata ɗaki da kwano. Na tsaya da hula a aljihu, na hango yadda za a yi: a ɗauko shi a kawo, gurgu, in ciyar da shi da matarsa har abada, Inna kuma ta zauna a gefensa tana kiran sunansa, ni ina nan “wancan”. Na juya kekena. Hular na sa ta a ƙasan akwati, na gaya wa kaina gobe, goben nan ta zama shekara.

Da wa'adi ya cika, alƙali ya sake tara mu. Ya tambayi mahaifin matar, ya tambayi mai unguwa, ya tambayi limaminmu, kowa ya ce bai ji ba. Ni ya bari ƙarshe. Ya ce dillali kunnen gari ne, babu baƙon da zai sauka Gaya bai bi ta gaban rumfata ba, ko na ji wani abu? Na ce ban ji ba. Ya dube ni ya daɗe, ya tuna mini nauyin wanda ya ɓoye shaida, ya sake tambaya. Na sake cewa ban ji ba, muryata ko rawa ba ta yi ba, irin muryar da nake cewa albarka da ita a kasuwa. Magatakarda ya rubuta. Matar ta yi takaba a kan mijin da ke raye, ta koma Gafasa ta yi aure, ta tafi da 'yar. Inna ta kife akushin. Na zauna ina jiran ta juyo gare ni, tunda yanzu ni kaɗai na rage. Ba ta juyo ba. Shiru kawai ta ƙara, idanunta kuma suka fara mutuwa.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, Inna tana gidana a Gaya, ba ta gani sai inuwa. Bayan damina matata ta fito da kayan akwati tana shanyawa a tsakar gida, hular ta gangaro kusa da tabarmar Inna. Inna ta ɗauka ta shafa. Ita ce ta yi ta kaɗa wa auta zare tun yana koyo, yatsunta ba sa bukatar ido. Da na dawo da la'asar na yi sallama, sai na ji an kira sunana, sunan yanka, cikakke. Na waiwaya ina neman wanda ya kira, domin ban taɓa jin sa da wannan muryar ba. Shekara arba'in da wani abu ina jiran ranar nan. Ta ɗaga hular, ta tambaye ni tun yaushe.

Na durƙusa na faɗi gaskiya duka. Ba ta yi mini baki ba, ko kuka ba ta yi ba. Cewa ta yi tun ina yaro ta san takuna daga zaure, kuma ba ta taɓa kwanciya ba ta ji na shigo ba. Ta ce auta take ambata domin shi ne mai rauni, ni kuwa ta san tsayayye ne, kuma abin da baki ba ya iya faɗa wa ɗan fari a kan sallaya take faɗarsa. Ta ce ita ta ɗauka na sani. Sannan ta juya fuskarta bango. Na saba da kau da kan Inna, amma wannan na gane ba na kunya ba ne.

Ranin nan na rufe rumfa na bi motocin gabas har na gano garin. Na tarar ya rasu damina biyu da suka wuce. Maƙwabtansa suka nuna mini kabarinsa da inuwar da yake zama yana ɗinki. Suka ce bai iya rubutu ba, kuma yana jin nauyin aikawa da baki a ce bai kai Makka ba ga shi ya nakasa, shi ya sa yake bin masu komawa gida da huluna. In sun ce masa ya daina asara, sai ya yi dariya ya ce ba su san yayansa ba ne, babu hularsa da za ta shiga kasuwar Gaya Yaya bai gane ta ba, kuma ran da ya gane zai zo. Suka ce duk motar da ta tsaya daga yamma sai ya ja jiki ya je ya duba masu sauka.

Na dawo da takardar shaidar mutuwarsa daga alƙalin can, na kai kotu na faɗi abin da na yi. Alƙalin da na samu wani ne daban. Ya ce auren matar ya zauna, tunda bisa hukunci aka ɗaura shi ga kuma 'ya'ya, sauran kuwa tsakanina da Ubangijina ne. Aka raba gonar, na bar wa 'yarsa rabona. Inna ta rasu bayan shekara. Kafin ta cika ta ce ta yafe nata, na auta kuma ba ita ke da shi ba. Sunana ba ta sake kira ba.

Ga wanda ke karanta wannan, in aka kira ka shaida a kan wanda ya ɓata, ka sani shi ba ya nan balle ya kare kansa, bakinka ne kaɗai ƙafarsa ta dawowa gida. In kuma kai ɗan fari ne, kada ka auna son uwarka da abin da bakinta ke faɗa. Ni na auna, awon ya cuce ni. Na yi ciniki iri iri a rayuwata, na ci riba na faɗi, amma wannan ne kaɗai na kasa mayarwa. Na ba da ƙanena, na ba da aurensa, na ba da shekarun da Inna za ta yi da ɗanta a gefenta. Abin da na karɓa shi ne jin sunana sau ɗaya a bakinta, da hula guda wadda har yau ban iya sa ta a kaina ba.