Takalmin da Ya Yi Mana Layi

'Yata ta uku ta kai shekara huɗu ba ta taka ƙasa ba. Tana zama, tana surutu, tana ƙwace soyayyen kifi daga hannun yayarta, amma ƙafafun nan sun ƙi. Ma'aikaciyar lafiya ta ƙauyenmu, nan gefen Tiga, ta lallatsa su ta ce, "Yaya, ki kai ta wurin likitan gashin ƙashi tun jijiyoyin ba su ƙage ba. In aka fara da wuri za ta tsaya." Shi kuwa likitan sau ɗaya yake zuwa a wata, wani asibiti can gaba da mu, yara ashirin yake gani ya tattara jakarsa.

Ranar farko na goya ta bayan sallar asuba, muka bi motar masu kai kifi. Na tarar da iyaye zube a gindin darbejiya, bakin ƙofa kuma takalma ne jere reras. Ashe a wurin takalmi ke bin layi, masu shi suna inuwa. Na cire silifa ɗaya na ajiye. Da hantsi mai gadi ya fito raba lamba, yana zuwa kan nawa ya sa ƙafa ya shure shi.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Layin yara ne, Hajiya, takalmin yaro ake sawa. Da can manya kan ajiye nasu su kama wa maƙwabta wuri, shi ya sa aka hana."

"Baba, yarinyar ba ta tafiya. Ina ta ga takalmi?"

"Ni dai doka aka ba ni."

Kai jama'a! Wurin gyaran ƙafa, a ce sai mai takalmi. Na dubi matan nan, kowa ta sunkuyar da kai, tana tsoron a shure nata. Ni ma da shegiyar kunyar nan tamu ta kada a ɗaga wa dattijo murya, na ɗauki silifana muka koma. Har yau in na tuna shirun da na yi, haushin kaina nake ji.

Ran kasuwar Dangora na auna ƙafarta da tsinken tsintsiya, na sayo mata jan takalmin roba mai fure a sama. Takalminta na farko a duniya ke nan, kuma don layi aka saye shi. Na hagu nake ajiyewa, na dama ya zauna a leda.

Wata na biyu mu ne na ashirin da uku. Na uku likita ya tafi taro birni, ba wanda ya ga damar faɗa mana sai da azahar ta yi. Na huɗu takalminmu ne na sha biyar, har na fara hamdala, sai ga wasu mata masu ƙamshin turare ana shigar da su ta ƙofar baya, wai 'yan uwan ma'aikata ne. 'Ya'yansu kuwa takalmansu na ƙafarsu, ko ƙura ba su kwasa ba. Lamba ta ƙare kafin ta iso mu. Tir! Sai da na tofar da yawu. Duk watannin nan ina kallon ƙafar yarinya tana lanƙwashewa ciki kamar lauje, ina shafa man shanu, ba abin da ya yi.

Na biyar ma haka muka dawo. A wata na shida muka shiga. Likita ya ja ƙafar, ta ƙwalla ƙara. Ya cire tabarau ya ce, "Mama, ina kika shiga da yarinyar nan? Ku mutanen ƙauye kun cika sakaci. Jijiya ta riga ta ƙage, yanzu sai dai a yi mata aiki a birni, can ma akwai jira."

Wannan karon ban yi shiru ba. Na ɗora takalmin nan biyu a kan teburinsa, ɗaya ja wur, ɗaya rana ta cinye shi ya koɗe. Na ce, "Likita, wannan wata biyar ya yi a bakin ƙofarka." Ya dube su, ya ɗauki biro ya rubuta mana takardar birni.

Da muka dawo gida yarinyar ta ce sai na sa mata takalman. Na gwada, ƙafar ta ƙi shiga. Yanzu a hannu take zura su, ta ja jiki zuwa ƙofar gida ta kalli yara suna tafiya makaranta.