Rilen da Na Bari a Gurbin Hon

Ba zan faɗi sunana ba. Ni mutumin Wudil ne, na karanta fannin lantarki a jami'a, kuma iyayena ba su rage ni da komai ba. Da na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai na kama koyon rewaya, wato gyaran wayoyin mota, a garejin wani dattijo, Oga Isiya, a bakin titin Kano. Mutum ne mai tsantseni. Ni ma a lokacin, a iya sanina, haka nake: sai in ɗaure waya in koma in duba ta sau uku.

Shi ya koya min aikin ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi cijewa idan an taka birki da ƙarfi. In fitilarta ta ƙi mutuwa a dashbod, yakan ce, "Ɗan boko, kar ka fara da famfo. Fara da fis, sannan rile." Rile ɗan baƙin akwati ne da ke sakar wa famfon ABS ɗin wuta. Sai a zare shi, a ɗauko na hon in iri ɗaya ne, a yi musu musaya. In fitila ta mutu, hon kuma ya yi shiru, to rilen ne ya lalace. Aikin minti biyar ne.

Da na buɗe rumfata, ana ce min Injiniya, sai na lura direbobi ba su san wannan ba. Na fara da ƙarami: in canza rile, in ce aikin ya cinye min wuni. Na riƙa gaya wa kaina ilimina nake sayarwa. Daga nan wani dillalin kayan Beljiyam ya ce min famfon ABS mai lafiya yana da kasuwa a Kano. Sai na koma cire mai kyau ina dasa matacce, in haɗa fitilar ABS da wayar fitilar mai, yadda da an tayar da inji za su mutu tare. Birki yana kamawa kamar kullum. Sai ranar tsautsayi za a san babu komai a ciki.

Wata Laraba da damina Malam Habu ya kawo motarsa ta haya. Mutumin Lajawa ne, sa'an mahaifina. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, wannan fitilar ta hana ni sukuni. Rayukan mutane nake ɗauka." Na yi musayar, fitila ta mutu nan take. Rile ne kawai. Amma na ce masa ya je ya dawo da la'asar. Na cire famfonsa, na dasa matacce, na haɗa wayar. Cikin sauri na manta lalataccen rilen a gurbin hon.

Washegari ya kira ni. "Ɗana, hon ya ƙi yi." Na gane abin da ya faru, amma na ji tsoron ya buɗe bonet a gaban wasu. Na ce, "Baba, ina Kano. Ka bari sai Asabar." Ina zaune a rumfata na faɗi haka.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, aka yi ruwa da safe. Ya ɗauko fasinjoji, shanun da ake korowa kara suka shigo titi. Ya danna hon, shiru. Ya taka birki, tayoyi suka cije, mota ta sulale ta faɗa kwalbati. Wata mata cikin fasinjojin, 'yar Lajawa mai kawo kuka da kuɓewa kasuwa, ta rasu. Malam Habu ya rasa ƙafarsa ta dama. Ban sani ba ko da na'urar na aiki da sun tsira. Na sha juya wannan a raina, kuma ba ni da tabbas. Abin da na tabbata shi ne ni na cire ta.

Masu bincike suka nemi wanda ya san aikin, aka ɗauko Oga Isiya. An ce ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ce, "Wannan naɗin tef ɗin nawa ne. Mutum ɗaya na koya wa." A kotu bai dube ni ba. Ban musa komai ba. Na yi shekara huɗu a gidan yari, mahaifiyata ta rasu ina ciki.

Da na fito na tafi Lajawa. Dangin matar suka karɓi ta'aziyyata, ba su ƙara komai ba, kuma ba ni da bakin neman ƙari. Malam Habu na same shi a ƙofar gida, sandunansa a gefe. Na durƙusa na nemi gafara. Ya ce, "Famfon na yafe, kwaɗayi ne. Abin da ya tsaya min, na kira ka ɗana, ka ce min Asabar." Sannan ya ce, "Je ka, Allah ya yafe mana."

Matasa, musamman ku da kuka yi karatu kuka shiga sana'ar hannu, ban isa in yi muku wa'azi ba. Amma wanda ya miƙa muku makulli bai san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, ku ya sani. In rile ne, ku ce rile ne. In kun yi kuskure aka kira ku, ku tashi a ranar.

Oga Isiya ya sake karɓata aiki, ina neman gafarar Allah kullum. Yanzu ba na sallamar mota sai na danna hon a gaban mai ita. Wasu direbobin dariya suke min. Ba na yi musu bayani.