Mangwaro Biyar a Gonar Aro

Abin da na fara lura da shi da na shiga makaranta ran nan shi ne ƙasar gaban ofis a jiƙe take. Na tsaya na dubi sama. Kusan mako uku ke nan rabonmu da ruwa a Gazara, tun wani mai ƙarfi da aka yi a farkon damina, kowa ya ruga ya shuka masara, ta tsiro ta kai tsawon ɗan yatsa, sannan rana ta ƙone ta. To wa ya sami ruwan zubarwa a ƙasa? Sai da na matsa kusa na ga baƙaƙen ledoji jere a gindin bango, kowace da ɗan tsiro a ciki, an yayyafa musu ruwa. Can gefe kuma ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Ba ni da yawan magana. Ko a aji, in malam ya yi tambaya, amsar takan zo mini har bakin leɓe ta koma. Amma ido kam ina da shi.

Baƙin su huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, duk da koriyar hula iri ɗaya. Aka tara mu a fili, matar ta yi mana bayani a kan sauyin yanayi. Ta ce damina ta daina cika alkawari, zafi ya ƙaru, ƙasa tana zaizayewa, kuma itace yana riƙe ƙasa da saiwarsa. Wannan duk na yarda da shi, don ba labari aka ba ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kafin a ɗauki hoto, na ga ɗaya daga cikin mazan yana mayar da ledojin da tsironsu ya yi yaushi zuwa layin baya. Aka zaɓi masu farin hijabi tas aka sa su a gaba. Wani ƙyalle mai rubutu da aka ware, ana gama hoto aka naɗe shi aka jefa a mota.

Kowa aka ba shi biyar. Nawa duk mangwaro ne mai aure. Sai aka miƙo takarda: sunanki, sunan uba, unguwa, da inda za a dasa.

"A gona za ku dasa, ba a tsakar gida ba," in ji matar. "Kuma za mu zo mu gani da idonmu."

Ƙawata da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu. "Wallahi ƙidayar gonaki suke yi," ta ce a hankali. "Ni gonar kawuna da ya rasu zan rubuta, su je su tambaye shi."

Na danne dariya. A wurin da aka ce inda za a dasa, na rubuta "gonarmu", na sa sunan Baba.

Da na isa gida da ledojin cikin kwali a kaina, Inna tana tankaɗe. Ta dube su, ta dube ni.

"Wa ya ba ki?"

"A makaranta aka raba."

"Kyauta?"

Na ɗaga kai.

"Kyautar da ta zo a mota, da takarda da biro, tana da jela a baya. Ajiye su bayan ɗaki sai babanki ya dawo."

Baba ya tafi Kudan a lokacin, yana aikin lambu wurin wani mai injin ban-ruwa, don ya samo irin da zai sake shukawa. Ba mu san ranar dawowarsa ba. Kwana biyu da ajiye su, akuyarmu ta cinye ganyen guda ɗaya, saura sanda. Ran Alhamis aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ran Asabar da safe na ce wa Inna zan je in duba gona, na zagaya bayan ɗaki na ɗauki kwalina da 'yar fartanya.

A gefen gonar ta gabas akwai inda ruwa ya fara yanka tun bara. Ruwan yanzu haka yake, ya ƙi zuwa, in ya zo kuma ya zo a fusace. Haka ya yi wa gonar gadon Baba tun ina ƙarama. Ta fara da 'yar tsaga da nake tsallakewa, ta ƙare da kwazazzabon da zai haɗiye raƙumi. Don haka ban yi dogon tunani ba. Na bi layin ciyawar gamba da ke wannan gefen, na haƙa rami biyar, taku goma tsakanin kowane da ɗan'uwansa, kamar yadda matar ta nuna mana. Na yage ledojin, na dasa, na kewaye kowane da ƙaya. Na san gambar nan ita ce iyakarmu da gonar Alhaji, aminin kakana marigayi. Abin da ban sani ba shi ne, ta nan da ta can ɗin, duka biyun nasa ne. Damman dawar da Baba ke kai masa kowace kaka, ni duk a zatona zumunci ne kawai.

Bayan kwana goma masu motar suka dawo, su biyu. Suka ɗauke mu mu uku daga aji don mu nuna musu gonakinmu. A tamu, ɗayan ya durƙusa ya ɗauki hoton kowane tsiro. Ɗayan kuma ya ɗaga waya sama, ya kama tafiya a bakin gonar, yana bin iyaka, a hankali, har ya dawo inda ya fara. Maƙwabcinmu na kudu yana noma. Ya daina, ya jingina da ƙotar fartanyarsa yana kallo.

"Sannunku da aiki, samari. Awo ake yi?"

"A'a, Baba. Itatuwa muke ɗauka."

"Allah Sarki. Itatuwan biyar ne, kuma duk a gefe ɗaya. Amma na ga ka zagaye gonar kaf."

Mai wayar ya yi dariya, ya ce ana so ne a san girman wurin. Ya juyo wurina. "Ƙanwata, gonar wa ce?"

Na faɗi sunan Baba. Ya danna a waya. Maƙwabcinmu ya tofa yawu a tafin hannu, ya ci gaba da nomansa. Amma na lura ya bar kunyar da yake kai bai ƙarasa ba, ya saɓa fartanya ya nufi gari tun kafin azahar.

Baba ya dawo bayan kwana biyu da ɗan buhun iri a bayan kekensa. Ko hutawa bai gama ba, bayan la'asar, aka yi sallama. Babban ɗan Alhaji ne, mai shago a Ikara. Ina wanke-wanke kusa da zana, ina jin komai. Gaisuwar ma gajera ce, wadda ba a saba ba. Bai tambayi iyali ba, bai tambayi hanya ba.

"Shekara takwas kana noman wurin nan, ba wanda ya taɓa ce maka kanzil. Yanzu an dasa itace a kan iyaka, an kira masu awo, an rubuta suna. Saura me? Takardar mallaka?"

"Wane itace?" in ji Baba. "Wallahi yau na shigo garin nan."

"Je ka gani. Biyar ne, a jere kamar sojoji."

Inna ta leƙa bayan ɗaki, ta dawo ta dube ni. Ta je bakin zana ta yi wa Baba magana ƙasa-ƙasa.

"Yarinya ce," na ji Baba ya ce. "A makaranta aka ba su."

"Yarinya ce ta auna taku goma-goma? Yarinya ce ta san ta bi iyaka? Haba, Malam, mu ma fa mun yi wayo. Alhaji ya ce in gaya maka, in ka cire amfaninka na bana zai buƙaci wurinsa."

Na zaci duka zan sha. Baba bai taɓa ni ba. Ya shigo ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya kira ni.

"Gonar aro ce," ya ce. "Mai aro yana shuka abin da zai girbe ya tashi. Ba ya dasa abin da zai fi shi daɗewa a wurin. Duk wanda ya dasa itace a gona, ya ce wa duniya gonar tasa ce. Ba a koya muku wannan a makarantar ba?"

Na girgiza kai. Da ƙyar na ce, "Bari in je in cire su."

"Yanzu? Sai a ce mun ga asiri ya tonu ne muka ɓoye. Kuma na cikin wayar fa, wa zai cire shi?"

Daga ranar gidanmu ya cika da zato. Inna ta ce maƙwabcin nan na kudu ne, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonar. Baba ya ce ba shi ba ne, ɗan Alhaji ne, tun da ambaliya ta binne masa fadamar rake da yashi yake neman tudu, dalili kawai yake jira. Wani lokaci kuma Baban ya koma kan masu motar. Ya ce ya ji a Kudan ana cewa haka ake farawa, da kyauta da hoto, wata rana a wayi gari a ga turaku masu jan fenti. Wanda ya gaya masa ma ji ya yi. Ni kuwa ina sauraro, kowa ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya.

Sau biyu Baba ya je wurin Alhaji, na biyun har da limamin unguwarmu. Duk biyun amsa ɗaya ya samo: "Ba komai, Allah ya kyauta." Inna ta ce gara a zage ka da a ce maka ba komai.

Alhaji mutum ne mai tsokana. Tun ina ƙarama, in na wuce ƙofar gidansa sai ya ce, "Uwar shiru, yau ma ba a buɗe kasuwar ba?" Ran Juma'ar nan na wuce, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da "lafiya lau" yana kallon carbinsa. Na ɗan jira. Tsokanar ba ta zo ba.

Baba dai ya shuka sabon irin, amma na lura bai kai takin gida gonar ba. Ya bar shi tsibi a bayan gida. Wa zai gina ƙasar da za a karɓe? Mangwaron kuwa, abin haushi, sun kama. Har wanda akuya ta ci ya fitar da jajayen ganye biyu.

Na yi kwana uku ina tattara ƙarfin hali kafin na tari malaminmu na aikin gona a bakin aji.

"Malam, sunayen da suka rubuta, ina suke kai su?"

"Ofis mana. Don a san itatuwa nawa suka rayu."

"Wane ofis?"

Ya ce in daina sauraron surutun ƙauye. Daga yadda ya kawar da ido na gane shi ma bai sani ba. Amma ya gaya mini abu ɗaya mai amfani: ran Litinin za su dawo zagaye na biyu.

Ran Asabar da hantsi na sa hijabina na fita, ban gaya wa kowa ba. Na sami Alhaji a zaure a kan buzu, yana ɓare gyaɗar iri a cikin faifai. Shi kaɗai ne. Na cire takalmi a waje, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ina kwana, Kaka."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Gaisuwa ta ƙare, ban tashi ba. Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Ina kallon yatsunsa, babban ya ƙage, ba ya lanƙwasuwa, da gefen hannu yake fasa ɓawon.

"Babanki ne ya aiko ki?"

"A'a. Bai san na zo ba."

"Innarki?"

"A'a."

Ya ɗago ya dube ni sosai, irin kallon da ake yi wa buhu a kasuwa don a gane ko an yi masa algus.

"Ni na dasa su," na ce. "Baba yana Kudan. Inna ta ce in jira, ban jira ba. Ruwa ne na ga yana cin gefen, kamar yadda ya ci waccan tamu. Ban san aro ba ce."

"Taku goman fa?"

"Matar ce ta nuna mana a makaranta."

"Sunan da aka sa a waya fa?"

"Ni na faɗa. Tambayata aka yi."

Ya ɗauki wata gyaɗar, ya juya ta, bai fasa ba. "To yanzu me ya kawo ki?"

Na dubi ƙasa. Maganar ta zo bakin leɓe, na ji tana shirin komawa, sai na yi sauri na sake ta.

"Kaka, jibi Litinin masu motar za su dawo. Don Allah ka zo gonar, kai da babban ɗanka da duk wanda kake so ya gani. Ka tumɓuke su biyar ɗin, ka mayar da su ramin da hannunka, su zama kai ka dasa. Ka sa a goge sunan Baba a wayar a gabanka, a rubuta naka. Ruwa ni zan riƙa kai musu da rani, ba sai an aiko kowa ba. Don Allah ka bar wa Baba gonar."