Ɗan Fari a Ɗakin Kaka

Ana sallame sallar asuba motar ofis ta tsaya a ƙofar gidanmu a Kawo. Mu huɗu ne: direba, duba-gari, malamin ɗibar jini da fulas ɗinsa na ƙanƙara, sai ni malamar asibiti, don ni kaɗai ke iya shiga wurin mata. Labari ya zo cewa a wani ƙauye gaba da Rigachikun an binne mutum biyu da idanunsu suka koma ruwan ɗorawa, suna baƙin amai. Cutar shawara iri-iri ce, amma wadda muke tsoro ita ce wadda sauro ke yaɗawa. Jinin mara lafiya kaɗai ke tabbatar da ita, in kuwa ba mu kawo jini ba, ba za a tura masu allurar rigakafi ƙauyen ba.

A Rigachikun muka karya da koko da ƙosai. Na kwabo biyar ya ishe ni, direba kuwa sai da mai tuyar ta tambaye shi ko biki yake yi. Daga nan muka bar kwalta. Damina na ban kwana, dawa ta fi motar tsawo, hanya duk ruwa ya zaizaye ta. Direbanmu ba ya ganin rami sai ya faɗa ciki, malamin jini kuwa yana rungume da fulas yana ta salati.

Da hantsi muka isa. Mata na hango kakin duba-gari suka shiga kifar da randuna, kada ya ga tsutsa a ruwa. Mai gari ya kawo mana fura, ya ce waɗanda suka rasu kwanansu ne ya ƙare, gari lafiya lau. Maza suka zauna a zaure, ni na shiga bin gidaje. Ko'ina amsa ɗaya, har raina ya soma ɓaci.

A wani gida na tarar da wata mata tana dafa sassaƙe, idanunta jawur.

"Yaya, yaran duk lafiya?"

"Ƙalau suke, Malama."

Ta kira su da sunayensu, na duba idon kowa, fari tas. Na tambaye ta sassaƙen na wane ne. Ta ce, "Na mutane ne," ta sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyon na san shi. Ni ma uwa ce, kuma har yau ban taɓa kiran sunan 'yar farina ba, ko a gaban likita. Uwa ba ta lissafa ɗan fari cikin 'ya'yanta, balle ta nuna wa baƙo damuwarta a kansa. Ba ƙarya ta yi mini ba, alkunya ce. Sai na ce a nuna mini ɗakin kakar yaran.

"Iya, ina mai gidan naki?"

"Lawal? Ragon mijin nawa ga shi nan ya miƙe ya bar ni da gona. Ko kunu ba ya zama a cikinsa."

Tana tsokanarsa hawaye na zubo mata. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, kwance a bayan gadonta, jiki zafi rau, idanu ɗorawa. Muka nemi izini malamin jini ya shigo, jini ya shiga ƙanƙara. Na koma na sake bin gidajen, amma yanzu kakanni kawai nake nema. Haka na samo wata budurwa da ciwon ya soma kamawa, ita ma 'yar fari.

Baffan Lawal ne ya ɗauko shi zuwa mota, don mu kai shi asibiti a Kaduna. Za mu tashi uwar ta kira ni bakin danga, ta miƙo mini ƙwarya cike da ƙwan zabi. Ko sau ɗaya ba ta kalli motar ba.

"Malama, a ce wa direba ya bi ramukan nan a hankali. Saboda ƙwan."

Na faɗa wa direba kamar yadda ta faɗa. Tunda nake shiga motarsa ban taɓa ganin ya yi tuƙi a hankali irin na ranar ba.

Mun shigo Kaduna ƙanƙara ba ta narke ba. An tura jinin Ikko, muna jiran sakamako, Lawal kuma na gadon asibiti. Na faɗa a ofis, kuma zan maimaita: in kana neman mara lafiya a gidajenmu, kada ka tsaya a kan uwa, nemi kaka.

Da na isa gida 'yar farina ce ta buɗe mini ƙofa. Na kama haɓarta, na ja fatar idonta, na daɗe ina dubawa. Fari tas.

"Mama, lafiya?"

Na ce, "Karɓi ƙwan nan, kada ki fasa."