Motar da Kajin Habsa Ke Kwana a Ciki

Duk wanda ya taɓa sayen ƙwai a layinmu na unguwar Dagmanet a Agadez ya san Habsa, ya kuma san sai ya jira ta buɗe ƙofar mota kafin ta ɗebo masa. Ba wasa nake yi ba. Kajinta a cikin Land Cruiser suke kwana, wata farar mota mai dogon jiki da ke zaune kan tubala a tsakar gidanta, ba ƙafafu, ba inji. Masu kwanci sun kama kujerar gaba, zakara ya mallaki rufi. Katanga ɗaya ce ta raba ni da ita, ni kuwa Allah bai yi ni da iya kau da kai ba, shi ya sa na san labarin tun daga tushe.

Motar ta mijinta ce, marigayi Lukumanu. A zamanin da Turawa ke cika Agadez, shi ke kai su Timia su ga lambuna, ya kai su cikin Tenere su ɗauki hoton rairayi, abin da har yau ban gane amfaninsa ba. Da Turawan suka ɗauke ƙafa sai motar ta zauna, ciwo kuma ya kwantar da mai ita. Bayan rasuwarsa masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta sintiri. Amsarta ɗaya ce: "Kun ga na kasa ta a tire?" Kowace Juma'a sai ta share mata ƙura da tsumma, har lambar da aka rubuta da fenti a ƙofar baya. Kuma ita irin matan da ce, ban taɓa jin sunan mijin a bakinta ba. Baban Bilkisu take cewa, ko a bayan ransa.

Wata hantsi ina sayen ƙwai aka yi sallama. Wani magidanci ne siriri, rawani ya sha ƙura, ya ce sunansa Mourtala, gidan Malam Lukumanu yake nema. Habsa ta ce ya shigo. Ya durƙusa zai gaishe ta, idonsa ya sauka kan bayan motar, sai gaisuwar ta maƙale. Ya miƙe ya je ya taɓa lambar da yatsa, wata kaza ta leƙo ta taga tana dubansa.

"Inna, wagga lamba ta motata ce," in ji shi.

"Taka? To shiga ka tada ta," in ji Habsa.

Dariya ta kama ni, amma shi zufa yake yi. Ya fiddo kart giriz, takardar da ke shaida mai mota, ga sunan Lukumanu, ga lamba iri ɗaya. Da muka bi zaren, abin ba wuya. Lokacin jinya wani dillali ya zo ya sayi injin, Habsa ta tuna ya fita da wata ambulan da ƙarafan lamba biyu a hammata. Haka ake yi ashe. Mota ta shigo daga arewa ba ta da takarda, sai a nemi matacciya irinta, launinta, a sayi takardarta, a buga lambar a jikin ƙarfen sabuwar. Daga nan ta yi ta yawo hannu zuwa hannu. A garin nan kuwa cinikin mota musafaha ce da Fatiha, a miƙa mabuɗi, a miƙa takarda. Wa zai ɓata ƙafa zuwa biro, wato ofishin hukuma, don sauya suna? Mourtala wajen wani ya saya, wanin ma wajen wani, har ga Allah bai san akwai wata ba.

Gadonsa na lambu a Timia ya sayar ya saye ta, yana kai wa masu haƙar zinariya ruwa a Djado, da ita yake ci da matarsa Hajara da 'ya'yansu. Yanzu an tsananta bincike, an tsare motar a furiyar, filin da hukuma ke ajiye motocin da ta kama. An ce sai mai sunan ko magadansa sun zo sun shaida an sayar, a mai da takarda sunansa. In Habsa ta ce ga ainihin motar nan a gida kaji na kwana ciki, tasa ta tafi ke nan, lambu kuma ya riga ya tafi.

Na zaci za ta kore shi. Sai ta gyara zama, ta tambaye shi abin da ban yi tsammani ba.

"To a hanya, in an duba takarda, mi ake kiranka?"

Ya sunkuyar da kai. "Da sunan marigayi, Inna. Tun ina gyarawa har na bari. A Djado ba wanda ya san Mourtala."

Habsa ta bi kazar da kallo har ta sauko daga taga. Sannan ta ce ya tafi, ya dawo jibi.

Washegari ta ce in raka ta tashar masu zuwa Djado. Matar da ba ta wuce kasuwar unguwa! Muka shiga cikin duro da jarkoki, ta sami masu lodi da direbobi suna shan shayi, ta ce tana tambayar halin wani mai farar mota mai kai ruwa. Ta kasa faɗin sunan, ni na faɗa musu sunan marigayi a madadinta.

"A, Lukumanu mai ruwa!" in ji wani dattijo. "Hajiya, in auren ɗiya ne ki ba shi. Wannan ba ya wuce mota a lalace. Ni nan kwana na yi cikin rairayi, ruwana ya ƙare, motoci suka yi ta wuce ni, shi ya tsaya."

Wani ya ce yana da rowar sigari, wani ya ce ba ya gudu ko ana binsa, suka yi ta muhawara. Ni Habsa nake kallo. Ta ja mayafi ta rufe baki, hawaye na bin gefen hancinta. Abin da aka san marigayi da shi ke nan a zamaninsa, ba ya wuce wanda hanya ta kayar. Shekara da shekaru tana share ƙurar mota a tsakar gida, ashe sunan yana can yana kai wa mutane ruwa. Wallahi ni ma sai da na share ido.

A hanyar gida na ce mata, "To sai ki je ki sa hannu, wa ya san abin da ke gidanki?"

Ta harare ni. "Allah ya sani. In je in ce mota guda ce, alhali biyu ne? Da wane baki?"

Na ɗauka magana ta ƙare. Da la'asar sai ga maƙera da injin yankan ƙarfe, ita da kanta ta aika aka kira su. Ta kwashe ƙwai, ta kori kaji, ta zauna bakin ɗaki ta juya baya. Ƙarar ta cika unguwa. Rufin ya fara fita, sai ƙofofi, sai ƙarfen da lambar asali take jiki. Na san inda za su ƙare, murhun gawayi da kaskon tuya. Ko bolan ɗin, wato sitiyarin da ta naɗe wa marigayi da jar fata da hannunta ba ta ɗauka ba.

Ban ce abin da ta yi shi ne doka ba. Na tabbata in mai biro ya ji yadda aka yi, zai ce yanka wannan bai halatta waccan ba, kuma da gaskiyarsa. Amma washegari da muka je biro tare da Mourtala, aka tambaye ta ko akwai wata mota mai wannan lamba, ta ce babu, ba ta yi ƙarya ba. Ta dangwala yatsa, 'yarta Bilkisu ta sa hannu, aka cire sunan Lukumanu aka rubuta Mourtala. A bakin ƙofa ya durƙusa yana godiya, ta katse shi.

"Ɗana, ba kyauta na ba ka ba. In an kira ka da sunan nan a hanya, ka amsa. Kuma kada ka wuce kowa."

Ya haɗa mata akurki sabo kafin ya koma Djado, mai kyau, har da inuwa. Kajin suka ƙi shi. Da magariba na leƙa ta kan katanga, na gan su sun taru a filin da motar ta bari, tsakanin tubalan nan huɗu, suna zagayawa suna ɗaga wuya. Habsa na tsaye da tsumma a hannu, don ranar Juma'a ce. Ba ta kora su akurki ba. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa a tsakiyarsu ta zauna.