Hannunka Ne Ya Yi Rawa, Baba Mai Agogo

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaka da ɗaure wa wata mata magani a kanti, babbar 'yarka ta kira ni ta ce ka cika bayan azahar. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Na bi ka har makwanci tare da jama'a, amma wallahi na kasa haɗa ido da iyalinka.

Baba Mai Agogo, duk wanda ya iya wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da doki, a unguwarmu, a ɗakin bayan shagonka ya koya. Teburi ɗaya ne, an tokare ƙafarsa da guntun katako, sai benci biyu da agogunan mutane rataye a bango, kowanne da nasa lokacin. Shekara ashirin da shida ba wanda ya kayar da kai a gasa. Ni da gemuna na zo maka, ban ma san yadda doki ke tafiya ba. Ka zaunar da ni wata shida kana cinye ni kana dariya, kana cewa, "Mai magani, gaggawa ce ciwonka, ga shi ba ka sayar da maganinta." Da mahaifiyata ta kwanta asibiti, kai ka riƙa rufe shago ka je ka zauna da ita, don in samu in leƙa kanti.

Da ka haura saba'in hannunka ya fara rawa, har ka daina karɓar ƙananan agoguna. Daga nan musu ya tashi a ɗakin. Wani direba da wani malamin lissafi da muke wasa tare suka tsaya kai da fata cewa har gobe babu kamarka. Wasu suka ce zamaninka ya wuce, girma kawai ake ba ka. Ni ne bakin waɗannan, ni da ka koya wa. Na yi ta cika baki har ka gaji, ka ce a sa rana mu buga.

Dokar wasan ita ce, abin da mutum ya taɓa da niyya shi zai motsa. Wanda hannu ya goga bisa kuskure ba ya ciki, kuma a bakinka na fara jin wannan bambancin. Ranar wasan ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Mun shafe awa biyu, sai na hango tarkon da ka ɗana mini: kana ɗaga dokinka, taku huɗu sarkina ya mutu. Ka miƙa hannu wajen dokin, hannun ya yi rawa, ɗan yatsanka ya gogi sarauniya. Na ce, "Ka taɓa, Baba."

Ka daɗe kana kallona. Sannan ka ce, "Na taɓa, ɗana." Ka tura sarauniyar inda ba ta da wani amfani, bayan rabin awa ka miƙo mini hannu. Aka yi ta tafi, ni kuwa na washe baki ina karɓar barka.

Wata takwas ana kirana zakara ina amsawa. Ba ka sake zama a teburin ba. Kullum kana buɗe mana ɗaki, ka koma gefe da kujerarka, in an ce ka buga ka ce idonka ne. Ko sau ɗaya ba ka tona ni ba, ko a fuska ban ga canji ba, kuma wannan ya fi komai cin raina. Sau nawa na fito daga gida da niyyar in faɗi gaskiya, in na ga ɗakin a cike sai in ce bari sai gobe. Kunya ta hana ni, son girma ya hana ni.

To yau na faɗa, a rubuce, kowa ya gani. Direba, malam, ku ne da gaskiya. Baba bai faɗi wasan nan ba, ni na ƙwace shi da rashin kunya, ina sane. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba a yi wanda ya fi shi a cikinmu ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna, da 'ya'yanka, da jikokinka, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Inna, gobe zan zo in durƙusa a gabanki, ki yafe mini a madadinsa, don shi na bari har ya tafi ban roƙe shi ba.