Ranar da Aka Sa Inna Ta Tsallake

Shekaranjiya aka ɗauke mana ruwan famfo a unguwarmu, nan Birnin Kudu. Na sayi na 'yan garuwa, kuma da yake ban san inda suka ɗebo shi ba, sai na ɗora a murhu na tafasa. Da ya huce na kai moɗa baki, ɗanɗanon hayaƙi ya cika mini harshe. Na tsaya da moɗar a hannu. Da wannan ɗanɗano na tashi a ƙauyenmu, can ƙasar Gwaram wajen Zandam, kuma saboda shi ne aka kira mahaifiyata mayya.

Gidanmu babban gidan gandu ne. Baffa, yayan Baba, shi ne maigida, maganarsa ita ce ta ƙarshe a kan gona da rumbu da aure. Akwai kuma Gwaggo, ƙanwarsu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama, kuma tun da ta dawo babu tukunyar da za a ɗora ba ta leƙa ba. Baba direban motar hatsi ne, yana tsakanin kasuwanni da Kano, sai ya yi wata ba mu gan shi ba. A tsakiyar gidan akwai rijiyar da kakanmu ya haƙa. Ita ce abin alfaharin Baffa. Rabin unguwa a nan suke ɗiban ruwa, shi kuwa yana son ya zauna a ƙofar zaure ya ji mata suna wucewa da tuluna suna yi wa mahaifinsa addu'a.

Inna baƙuwa ce a wurinsu, daga Sundimina aka kawo ta. Ba ta da yawan magana, ba ta zaman tsakar gida, wannan kaɗai ya isa a sa mata ido. Sai kuma wata shekara gudawa ta kama ƙanina, ta goya shi zuwa asibitin Birnin Kudu, suka yi mako guda a kwance. A can wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita ta yi mata bayani: cewa irin wannan ciwo ta baki yake shiga, cikin ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba, kuma abin da ke kashe yaro shi ne ruwan jikinsa da ke ƙarewa. Ta koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Inna ba ta yi boko ba, amma ta ga ɗanta ya dawo daga bakin mutuwa, don haka ta riƙe maganar kamar karatun allo.

Tun daga nan ba mu ƙara shan ruwan da bai ga wuta ba. Kullum da yamma tana tsintar kara, ta tafasa ruwa, ta juye a wata randa mai marufi a cikin ɗaki. Kafin mu ci abinci sai ta murza mana hannu da toka. Ta hana mu shan ruwa a sashen kowa. Ni kaina na tsani abin, ba zan ɓoye maka ba. Ruwan kowa garɗi, namu hayaƙi. Gwaggo kuwa duk lokacin da ta ga hayaƙin ya tashi sai ta ɗaga murya yadda za a ji har waje: "Ruwan ubanmu ne ba ya shayuwa sai an dafa shi? Mu da muka sha muka tsufa, ashe dabbobi ne."

Inna sai dai ta ƙara kara a wuta.

A bazarar shekarar da nake ba ka labari, ina da kamar shekara tara, tsohon masai ya cika, Baffa ya sa aka haƙa sabo a bayan danga, 'yan taku kaɗan daga rijiyar. Damina ta sauka da albarka, gero ya yi kai, kowa na murna. Daga nan marka ta kama. Kwana da kwanaki ba mu ga rana ba, katangu suka jiƙe suna zubewa, kwaɗi suka cika tsakar gida. Jan ruwa ya kwanta ko'ina, yana bi ta bayan danga ya gangaro ya shafi bakin rijiyar, wanda dama ya lashe har ya yi daidai da ƙasa. Ruwan rijiyar ya taso sama, da guntuwar igiya ma sai ka cika guga. Mata har daɗi suke ji, wai an huta da ja.

Wani tsoho maƙwabcinmu ne ya fara. Da safe aka ce cikinsa ya ɓaci, kafin la'asar an sallace shi. Bayan kwana biyu sai ƙaramin ɗan Baffa. Shi na gani da idona. Abin da ke fita daga jikinsa fari ne, kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga amai babu tsayawa. Idanunsa suka faɗa, muryarsa ta dishe, in an tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare. Yini ɗaya ya yi. Matan da suka wanke tsummansa a gindin rijiya su ne suka dama furar zaman makoki, kowa ya sa ludayi a ƙwarya ɗaya. Kafin mako ya zagayo an ɗauki jikar Gwaggo, an ɗauki wasu a unguwa, babu sashen da ba a jin kakarin amai.

Sai namu. Ni da ƙannena biyu ko ciwon kai ba mu yi ba.

A nan aka fara kallonmu. In na fito, mata su yi shiru. In Inna ta je gaisuwa, a janye yara daga gabanta. Na ji Gwaggo tana faɗa wa matar Baffa cewa ai wutar da ake hurawa kullum da yamma ba ta ruwa ba ce, kuma ba a banza ake rufe randa a ɓoye ta cikin ɗaki ba.

Baffa yana da 'ya sa'ata, tare muke tallar gyaɗa, tare muke zuwa makarantar allo. Ita ce ta kwanta bayan haka. Da hantsi jikinta ya yi tsanani, tana kwance a tabarma ba ta san wanda ke kanta ba, sai ta riƙa cewa, "Inna ƙarama, ruwa. Inna ƙarama." Haka 'ya'yan Baffa suke kiran mahaifiyata. In ka san ƙauye, ka san abin da ake ɗauka in marar lafiya ya ambaci sunan wani: wai wanda ya kama masa kurwa yake gani. Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, kafin ka ce me gidan ya cika.

Ina riƙe da zanin Inna lokacin da Baffa ya tsaya a ƙofar ɗakinmu. Bayansa samari ne da sanduna, mutanen da Inna ta sha ba su tuwo.

"Fito ki tsallake ta," ya ce.

"Yaya, ni?"

"Kin cinye mini ɗaya. Wallahi in wannan ta bi shi, ba za ki kwana a duniya ba."

Suka ja ta zuwa tsakar gida, cikin taɓo. Gwaggo ta fizge mata ɗankwali ta jefar. Liman ya shigo yana cewa a ji tsoron Allah, zato zunubi ne, amma ko juyowa ba a yi ba. Aka shimfiɗe yarinyar a ƙasa, aka sa Inna ta tsallake ta sau uku, ana ihu ana tofa mata yawu. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, har muryata ta tafi. Ka yi tunanin ganin uwarka kai babu ɗankwali, ƙafa duk taɓo, tana tsallake 'yar da ta yi wa kitso da hannunta.

Saura abu ɗaya a al'adar: wadda ake zargi ta ba marar lafiya ruwa da hannunta. Gwaggo ta zura guga ta cika ƙwarya ta miƙo. A nan ne Inna ta yi magana.

"Wannan ba zan ba ta ba. In ruwa zan ba ta, na randata zan ba ta."

Wata ta ce ai shi ke nan, a randar ta ɓoye kurwar, a bar ta ta ɗauko. Suka raka ta da sanduna har ɗaki. Ta ɗebo ruwan, ta tsunkuli gishiri, ta zuba sukari gwargwadon yadda aka koya mata, ta ɗanɗana, sannan ta zauna a taɓon ta ɗora kan yarinyar a cinyarta ta fara ba ta ruwan da cokali. Yarinyar ta amayar. Inna ta dakata kaɗan ta ci gaba. Mutane suka gaji da tsayuwa suka watse ɗaya bayan ɗaya, ita tana nan, cokali bayan cokali, har aka kira magariba. Washegari ma haka. A rana ta biyu yarinyar ta yi fitsari, idanunta suka dawo, ta nemi kunu.

Za ka ɗauka daga nan aka gane gaskiya. A'a. Tashin yarinyar shi ne ya zama hujjarsu. "Kun gani? Da aka matsa mata, ta saki kurwar." Da ta mutu, da Inna ce ta cinye ta. Da ta rayu, Inna ce ta sake ta. Babu ƙofar da suka bar mata.

Bayan kwana kaɗan wani duba-gari ya zo daga Gwaram a kan babur, shi da abokin aikinsa, don labari ya kai musu. Suka bi gida gida suna tambayar inda kowa ke ɗiban ruwa, kuma duk gidan da aka yi rashi amsar ɗaya ce. Suka ɗebi bayan gidan marasa lafiya a 'yan kwalabe don a auna a Birnin Kudu. Duba-garin ya tsaya a bakin masai, ya taka zuwa rijiya yana ƙirga sawunsa, ya tsaya ya girgiza kai. Ya ce wa Baffa a daina shan ruwan nan daga yau. Baffa ya tashi kamar zai doke shi, yana cewa wani ɗan boko ba zai zo ya zagi rijiyar ubansa ba. Sai da sakamakon awo ya dawo, aka ce kwalara ce, dagaci ya sa baki, sannan aka cike masan, aka zuba farin magani a rijiyar, aka ɗaure bakinta da siminti. Ciwon ya tsaya cak.

Duba-garin ya ga randar Inna. A gaban kowa ya ce da duk gidan sun yi abin da matar nan take yi, da ba a haƙa kabari ko ɗaya ba. Gwaggo ta jira ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta ce, "Ai dama irinsu sun san yadda suke kare nasu."

Da Baba ya dawo aka ba shi labari. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Yayana ne, yaya zan yi? Ki yi haƙuri." Har ya rasu ban daina jin zafin wannan maganar ba.

Inna ta ƙara shekara goma sha wani abu a gidan. In ta aika da tuwo, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Ba a ba ta jariri ta riƙe ranar suna. Sai bayan rasuwar Baba na ɗauko ta na dawo da ita wurina. A jinyarta ta ƙarshe, mutum ɗaya ce ta zo daga ƙauye, 'yar Baffan nan, ta zama uwar 'ya'ya biyar. Ta durƙusa a gaban gadon tana kuka, ta ce, "Inna ƙarama, wallahi ƙishirwa nake ji ranar. Randarki ce mai sanyi, a ɓoye nake shiga in sha in ba kya nan. Ita nake nema." Inna ta shafa kanta ta ce ta sani.

Bara aka aiko cewa Baffa yana son ganina. Na same shi a zaure, ya makance, ya koma kamar yaro. Ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, abin da ya wuce ya wuce, a yafi juna."

Na ce, "Baffa, ba ni aka sa na tsallake ba. Mai yafewar tana maƙabarta, ka yi shekara talatin tana raye ba ka nema ba."

Na san mutane za su ce ban kyauta ba, tsoho ne. Na yi istigfari a kan zafin harshena, amma ban janye maganar ba.

Ƙauyen ya canza yanzu. Akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, akwai ɗan asibiti, kowane mai shago yana sayar da garin gishiri da sukari a 'yar leda. Da damina rediyo ba ya gajiya da faɗin a tafasa ruwa, a wanke hannu da sabulu. Jikokin Gwaggo ma tafasawa suke yi, har su yi wa wanda bai yi ba faɗa, kuma babu wanda ya tuna wadda ta fara. Da zan fito daga gidan ranar, na bi ta inda sashenmu yake, ya zama kango, an shuka kuɓewa a ciki. Wata yarinya da ba ta san ni ba ta ja mini mayafi, ta ce, "Hajiya, kada ki bi ta nan. Ɗakin mayya ne."